Murnar da Na Kai wa Alhaji Bala a Makare

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren 'yar Alhaji Bala a Roni ba, ko na so in manta ba za a bar ni ba. Gara in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ba ku da ƙarin gishiri.

Ni dai a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, ba na ɓoyewa. Amma shekara ashirin da 'yan kai na yi ina sayar da jarida a bakin tashar Kazaure, kuma ba sayarwa kaɗai ba, karantawa nake yi, ta Hausa da ta Turanci, in fassara wa jama'a. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan hatsin da ke wucewa Babura, kowa sai ya tsaya a teburina ya ce, "Yau me ake ciki?" Abin da na faɗa shi ake maimaitawa a gari har la'asar. Sai waya ta zo. Yau mutum bai iya rubuta sunan unguwarsu daidai ba, amma yana shafa gilashi da yatsa yana yi mini bayanin duniya. Tebur ya tashi. (Mai tsire ne ya kwashe ragowar jaridun, a gabana yake naɗe nama da su, ko kunya.)

Duk da haka ban daina karatu ba, ban kuma sayi irin wayarsu ba. Akwai wani direba, Habu, mai jigilar Kano, shi yake riƙo mini jarida guda in ya tuna.

Wata Juma'a da yamma ya miƙo mini ɗaya ta taga. Ina buɗewa sai ga sunan Alhaji Bala, an naɗa shi shugaban wata hukuma a Dutse. Mutumin da shekara da shekaru ni nake kai masa jarida har ƙofar gida! Ga shi gobe yake aurar da 'yarsa. Na ce to, gobe za a tuna waye mai labari a ƙasar nan. Na ja wa sunan layi da jan biro, na linke jaridar, na zura a aljihun babbar rigata.

Washegari, an shafa fatiha, jama'a sun cika rumfa, maroƙi yana ta kirari da lasifika. Kusa da ni Sale ne, taubashina, ɗan ƙanwar babanmu. Ya ga ina zaro jarida.

"Kai bawana, ina za ka da takardar naɗe ƙosai?"

Na nuna masa jan layin. Sai ya kama mini hannun riga.

"Zauna. An cire shi tun shekaranjiya, an ba wani."

"Wa ya gaya maka?"

"Yana cikin waya, kowa ya gani."

Na yi dariya. To ku yi mini adalci a nan. Wannan Salen ne ya taɓa tura ni Gwiwa a kan keke, wai ƙanwata ta haihu, na je na tarar ko ciki babu. Tun muna yara maganar gaskiya ba ta taɓa shiga tsakanina da shi ba, haka wasan yake. Yau kuma zai kawo mini shaida, shaidar ma waya?

"Wallahi tallahi da gaske nake," in ji shi.

"Rantse da duk abin da ka ga dama. Baƙin ciki kake yi."

Na fizge rigata, na ratsa mutane, na karɓi lasifika a hannun maroƙi (bai so ba, amma ya ga furfura). Na gyara tabarau. Da Turanci na fara, a hankali, kalma bayan kalma, don 'yan bokon da ke wurin su san ba su kaɗai ba ne. Sannan na fassara. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai da na ɗaga jaridar sama na ce, "Jama'a, wannan ba labarin waya ba ne da kowane shashasha zai rubuta yana kwance. Wannan bugawa aka yi! Ranka ya daɗe, Allah ya sanya alheri, Allah ya taya riƙo!"

Na saurari amin.

Amin ɗaya na ji, daga wani tsoho da kunnensa ya yi nauyi. Sauran kowa ya sunkuyar da kai. Wani mutum mai farin yadi a layin gaba ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. (Daga baya na ji shi ne aka ba kujerar. Ya taso tun daga Dutse don a ga ba gaba a tsakaninsu.)

Alhaji Bala ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Malam, jaridar ta yaushe ce?"

Na duba saman shafi. Litinin. Ashe kwana huɗu ta yi a motar Habu tana zuwa Kano tana dawowa.

"Ta Litinin ce, ranka ya daɗe."

"To, ranar Litinin kana da gaskiya."

Rumfa ta kece da dariya. Sale har da kwanciya a kan tabarma. Na miƙa wa maroƙi lasifikarsa, na nemi takalmana, ko shinkafar ban tsaya ba.

Na kai bakin titi ina neman mashin sai na ji an kira ni. Alhaji ne da kansa, ya bar baƙinsa ya biyo ni. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba ni jaridar nan."

"Ranka ya daɗe, ai ƙone ta zan yi."

"Kul! Na sa an duba mini waya, duk sun goge sunana sun sa na wani, kamar ba a taɓa yi ba. Nan kaɗai ya rage. Ko jikokina sa ga na taɓa zama shugaba, ko da na kwana uku ne."

Ya linke ta da kyau, ya sa a aljihun gaba, ya koma.

Kunya dai na sha ta, ba zan ce ban sha ba. Amma a duk taron nan na masu manyan wayoyi, abin hannuna kaɗai mai gidan biki ya biyo har titi ya roƙa. Don haka ina nan kan bakana, jarida ba ta ƙarya. Makara take yi. Abin da na ƙara kawai shi ne, yanzu in aka miƙo mini ita, kwanan wata nake fara karantawa kafin in nemi lasifika.