Yadda Za Ka Kashe Ƙarar Gaban Motarka Har Abada

Idan gaban motarka ya fara ƙwas-ƙwas duk sanda ka faɗa rami, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, ƙarar za ta ɗauke ɗif. Tawa ta ɗauke. Tun ranar da na sa mata hannu ko tari ba ta sake yi ba. Ga ta can a tsakar gida a kan bulo, duk mai shakka ya zo ya kasa kunne.

Mataki na 1: Zaɓi lokacin da ake bukatar motar

Gwani ba ya taɓa mota sai ana tsananin bukatarta. Ni ranar Asabar na fara, alhali Litinin da safe zan kai Inna, mahaifiyata, asibiti a cire mata yanar ido. Ta daɗe tana jiran layi ya zo kanta, kuma likita ya faɗa mana baro-baro cewa duk wanda ya makara, sunansa zai koma ƙasa. Asibitin da nisa, ita kuma da idon nan ba ta iya hawa da saukar motar haya.

Maiɗakinka za ta leƙo ta ce, "Baban yara, ka bari a dawo daga asibitin mana. Ko ka kai ta gareji."

Kada ka ɗago kai. Ka ce, "Kafin ki sauke tukunyarki na gama."

Mataki na 2: Gano inda ƙarar take

Danna gaban motar da duka ƙarfinka ka saki. Kama taya ka girgiza. Tsuguna ka ɓata rai, ka ce "uhm" yadda za a ji daga ɗaki. Ba za ka gane komai ba, amma haka ake yi.

Daga nan sai ka buɗe bidiyo a waya. Za ka ga wani mutum mai tsabtataccen hannu yana bayanin ƙafar mota, wato duk ƙarafan da ke riƙe da taya: shokazoba, bol-join, tayarod, da robobin da ake kira bushin. Duk ƙarfen da mutumin ya kwatanta ƙararsa, za ka rantse ita ce taka. Wannan alama ce ta fahimta.

Saura sanin ɓangare. Ɗauki maiɗakinka, ku zaga unguwa. Za ta ce daga dama take ji, kai kuma ka tabbata daga hagu ne. Namiji mai hikima ba ya jayayya da iyalinsa a kan abin da guduma za ta raba. Yanke hukunci cikin adalci: duka biyun za a canza.

Mataki na 3: Tara kayan aiki

Jek, bulo, sifana, guduma, da sababbin ƙarafan da mai shago ya rantse maka su ne daidai. Kana kuma bukatar abin zuba noti. Robar wanke-wanken maiɗakin ta isa, ba sai ka tambaye ta ba.

Mataki na 4: Kwance ɓangarorin biyu lokaci ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, ka nutsu.

Makanikai suna kwance ɓangare ɗaya su bar ɗayan, wai don in sun zo ɗaurawa su riƙa leƙa na lafiyar suna ganin yadda yake. Ni a lokacin tsoro na kira wannan. Ɗage gaban motar gaba ɗaya, cire tayoyin biyu, ka kwance duk abin da ya yarda ya kwantu. Wanda ya ƙi, guduma. Duk notin da ya fito, na hagu da na dama, dogo da gajere, jefa shi a roba ɗaya. Kada ka ɗauki hoto, ƙwaƙwalwarka ta fi waya.

A lokacin Inna tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta. Ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta garau. Duk bugun guduma sai ta gyaɗa kai. Na ji ta tana faɗa wa ƙanwarta a waya, "Ai ba ya kai ta ko'ina, da hannunsa yake gyarawa. Saboda ni yake yi, kada ta girgiza ni a hanya."

In taka mahaifiyar ta faɗi haka, ƙara wa gudumar ƙarfi. Ni har waƙa na yi.

Mataki na 5: Wayi gari ka manta komai

Lahadi da safe za ka tsaya a kan tulin ƙarfe kana kallonsa yana kallonka. Wani lanƙwasasshen ƙarfe zai shiga ta sama, ya kuma shiga ta ƙasa, kuma ta kowace fuska kamar daidai ne. Ka koma bidiyon. Yanzu ne za ka lura motar mutumin ba irin taka ba ce.

Kira makanike. Nawa ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duka biyun ka kwance, yallaɓai?" Na ce eh. Na ji yana maimaita wa wani a gefensa. Sannan ya ce ya yi tafiya, sai tsakiyar mako.

Maiɗakin za ta wuce ta gefenka ta ce a hankali, "Na sauke tukunyar tun jiya." Ci gaba da jujjuya ƙarfen. Gobe Litinin, kuma ga Inna can tana ninke mayafin da za ta saka.

Mataki na 6: Nemi motar da ba a taɓa ba

Tunda ka hana kanka ɓangaren dubawa, sai ka aro na wani. Maƙwabcina tela ne, motarsa irin tawa ce sak. Matsalar ita ce na sha yi masa dariya a bakin shagonsa, ina cewa shi ko madubi ne ya karkace sai ya kira makanike. Bakin da ya faɗi haka ba ya iya zuwa ya ce a taimaka.

Saboda haka jira rana ta take, layi ya yi tsit, ka kwanta rigingine ka sulala ƙarƙashin motarsa da fitilar waya. Abin da za ka gani zai ba ka sha'awa: komai a wurinsa, komai a ɗaure, ba wanda ya nuna masa gwaninta.

Ina cikin kallo na ji an riƙe mini idon sawu.

"Fito a hankali," in ji Tela. "Almakashi ne a hannuna."

Na fito da baƙin mai har gira. Ya dube ni, ya dubi motarsa, ya leƙa ta ƙofar gidana ya hango tawa a kan bulo kamar an yanka ta ana jiran masu fiɗa.

"Maƙwabci, me kake nema a ƙarƙashin motata?"

"Gaisawa na zo mu yi."

"Da ni ko da ita?"

Mataki na 7: Buɗe baki

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma babu shi a bidiyo. Tsaya a titi da datti a bayanka ka faɗi gaskiya: ka kwance, ka kasa ɗaurawa, gobe aikin idon Inna. Na shirya jin dariya, na kuma san na ci bashinta. Tela bai yi ba, sai ya ce, "Inna ce za a kai shi ne kake rarrafe? Ku shirya da wuri."

Da safe muka sa Inna a kujerar gaba ta motar Tela, ni na zauna a baya riƙe da jakarta. Ramin farko da muka faɗa, gaban motar Tela ya ce ƙwas-ƙwas. Irin tawa, ba ragi ba ƙari.

Na ce, "Tela, ka ji kuwa?"

"Tun da na saye ta take yi. An duba, an ce ba abin da zai tsinke." Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

Inna ta ce, "Ka bari ɗana ya duba maka. Ya iya."

Tela ya kalle ni ta madubi. Allah ya saka masa, ya rufa mini asiri. Mun isa kafin a kira sunanta.

Mataki na 8: Tsaya a gan ka

An yi aiki lafiya. Ranar da aka cire mata bandeji muka dawo gida, a motar Tela, Inna ta shigo da ƙafarta ba mai riƙe ta. Abin da ta fara gani sarai a gidan ɗanta shi ne mota a kan bulo, ƙarafa a baje, da robar wanke-wanke cike da noti.

Ta daɗe tana kallo. Ta zaga hagu, ta zaga dama. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yaro.

"Wannan ne gyaran da nake ta ji?"

"Shi ne, Inna."

"To," ta ce. "Da kunne ya fi kyau." Sannan ta matso ta riƙe fuskata ta ƙura mini sabon idonta. "Kai ma ka yi furfura ba wanda ya gaya mini. Mayar wa yarinyar nan robarta."

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk notin da ya rage, yatsan da ya fashe, ko maƙwabcin da ya fito da almakashi. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa, kuma da ƙafar tasa zai ci gaba da zuwa aiki. Mai ƙorafi ya same ni da safe a bakin shagon Tela, inda nake jira ya gama karyawa ya rage mini hanya. Kujerar gaba ta Inna ce, ta ce tana son ganin titi.