Rasuwar Fulota, Mai Auna Man Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, ni Zayyad Magaji na Gummi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Fulota, wadda ta shekara arba'in da biyar cikin tankin 'Yar Ja tana gaya wa allurar geji yawan man da ya rage.

Ga wanda bai sani ba, 'Yar Ja ita ce jar motar nan mai ƙofa biyu, ƙirar tsere, da marigayi Baba ya saya hannun wani Baturen aikin hanya. Ita kaɗai ya bar mini da sunana.

Marigayiya mai gaskiya ce. In ta ce rabi, rabi ne. Ba ta taɓa cika baki ba, ba ta taɓa ɓoye talauci ba. Kowace safiya Baba sai ya ƙwanƙwasa gilashin geji da yatsa, ya yi bismilla, allura ta miƙe ta amsa masa. Ni ma haka na gada. A gargadar hanyar Anka kuwa za ka jiyo ta daga baya, ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal, tana ta aikinta.

Ba ciwo ta yi ba, jama'a. Kashe ta aka yi. Arzika, ƙanen matata Nusaiba, wanda ke aikin injin niƙa dutsen zinariya a Bagega, shi ya ari motar zuwa ɗaurin aure. Can wurinsu da sanda ake auna man inji: a tsoma, a zaro, a duba inda ya jiƙe. Sai gogan naku ya ga bai yarda da allura ba. Ya kwance murfin saman tanki, ya yanko sandar geza, ya zurma, ya ji wani abu ya tokare, ya ƙara ƙarfi. Wai shi a zatonsa datti ne. Datti! Wanda bai san darajar goro ba, ai ganye yake gani. Allah ya isa tsakanina da wannan sanda.

Mun garzaya da motar wurin Kamalu bakanike, ya zaro marigayiya hannu a karye, ciki ya sha mai. Ya girgiza kai, ya ɗauko wata sabuwa fil a leda, ya rantse mini ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarya yake. Wannan baƙuwa ba ta san komai ba sai "cike".

Da wannan "cike" na ɗauki mahaifiyata Inna Sahura zuwa Gwashi sunan jikanyarta. Mun wuce Bukkuyum kaɗan mota ta yi tari biyu ta mutu, mai ya ƙare ƙaf, allura na nan tsaye ƙyam kamar ba ita ba. Ranar kasuwa ce. Duk motar da ta wuce sai an leƙo. Inna, da sabon leshinta da kwanon cincin a cinya, ta ƙarasa bayan ɗan kabu-kabu, ta isa an riga an watse. Da ta dawo ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Zayyadu, wagga mota ta mutu tun ran da mai ita ya mutu, kai ɗai ne ba ka ji ba. Juma'a in ba ta daina ƙarya ba, 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta." Inna ba ta magana biyu, kuma a zaurenta motar take kwana.

Marigayiya ta bar allura ɗaya da ta zama maƙaryaciya, da tanki maraya, da ni. Jiya na ƙwanƙwasa gilashin kamar yadda Baba ke yi, babu abin da ya motsa. Na zauna na yi kuka, ban ji kunya ba.

Za a yi jana'iza gobe Laraba bayan la'asar, gindin ɗorawar bayan garejin Kamalu. Kamalu zai haƙa ramin. Arzika kada ya zo. Ya dai aiko mini da sandar, don abin takaici yanzu da ita zan riƙa auna mai. Masu ta'aziyya kada ku kawo gumba ko goro. Wanda ya san inda tsohuwar fulota irin wannan take, ko a Gusau, ko a Sakkwato, ko cikin gawar mota a bayan gidan kakansa, ya same ni kafin Juma'a.

In Juma'a ta yi ba a samu ba, kada ku jira wata sanarwa. Ku sake karanta wannan, ku sa sunan 'Yar Ja.