Wurin Kallon da Na Zaɓa Mana

Daren Babbar Sallah wani attajiri ya shirya wasan wuta a Mafara, gari ya cika har ba wurin aje ƙafa. Ni kuwa na ce wa matata Rabi da ƙanenta Sani, wanda ya zo daga Bakura, su biyo ni, don babu lungun da ban sani ba a garin nan.

Na ratsa da su ta wata ɓarakar katanga, muka hau tudu. Shiru, ba kowa, sai wata iska mai sanyi.

Rabi ta ce, "Maigida, me ya hana mutane zuwa nan?"

Na ce, "Rashin basira."

Wutar farko ta tashi, ta haske wurin da jan haske. Nan muka ga tudun ƙasa jere-jere, kowane da fasasshiyar tukunya a kansa. Hasken ya mutu. Cikin duhun sai muka ji tari daga ƙarƙashin ƙasa, wata murya ta ce, "Bawan Allah, miƙo min hannu in fito."

Ban san lokacin da na tsallake katangar ba.

Ashe tsoho mai haƙar kabari ne, ana shirin kawo gawa bayan isha'i. Rabi ce ta haska masa, Sani ya jawo shi.

Har yau in muka wuce maƙabarta, Sani sai ya rage tafiya ya ce, "Yaya, in kama mana wuri, ko mu bari basira ta huta?"