An Ɗaga Mota, An Bar Rami

Ranar kasuwar Gwaram da ta wuce, a kan bonet na yi tafiya. Ba a cikin mota ba, ba a bayanta ba. A kan murfin inji, ni da wasu magidanta biyu, muna riƙe da juna kamar uwa ɗaya ta haife mu. Kafin ku ce karatun nesa ya taɓa ni, bari ku ji yadda aka yi.

Daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta hanyar burji ce. Don ladabi nake kiranta hanya. Tun ina ɗan firamare ake gyara ta a bakin lasifika, duk sanda zaɓe ya matso. Na tafi karatu ƙasar da ba a san ɗanwake ba, na daɗe, na dawo da furfura a gemu. Na tarar da ramukan suna nan lafiya, har sun yi 'ya'ya.

Amma kada wani ya ce manyanmu ba sa tunani. Suna yi. Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara masa tsawo, yana da gona can bayan garinmu, kuma dole ya bi hanyar nan. Da ya ga rami ya yi zurfi, bai ɓata lokacinsa wajen cike shi ba. Sai ya sa aka ɗaga motarsa. A-kori-kura ce ta zamani mai ƙofa huɗu. Aka sa mata tayoyi kamar na tarakta, aka cusa ƙarafa a ƙafafunta na gaba har ta miƙe sambal. Yaransa ma duk aka yi wa nasu haka. Ni dai na yaba. In ka cike rami, kowa zai amfana, har da wanda bai zaɓe ka ba. In ka ɗaga mota kuwa, amfanin ya tsaya inda ya kamata.

Matsalar ɗaya ce, damina. Idan tawagar motocinsa ta bi ta kan laka, tayoyin nan sai su yi huɗa biyu kamar an bi da garma, su bar tudu a tsakiya. Sawun giwa ya taka na raƙumi. Ƙaramar mota in ta faɗa sawun, cikinta sai ya zauna a kan tudun, tayoyinta su yi ta juyawa a banza.

Maƙwabcina Ɗan'azumi shi kaɗai ke da a-kori-kura a ƙauyenmu. Tsohuwa ce, ta girmi 'yarsa ta fari, amma duk abin da aka noma ita ke kai shi kasuwa. Bana ya gaji da kafewa. Ya sayar da bijiminsa na huɗa, ya tafi Birnin Kudu garejin Maikano, ya sayi manyan tayoyi 'yan gwanjo. Har nan ban ga laifinsa ba. Sai Maikano ya nuna masa cewa gaban motar ya duƙa kamar mai ruku'u, ya tambaye shi ko a sa mata sifesa, wato zoben ƙarfen da ake ɗorawa a kan sifirin na gaba don mota ta daidaita. Ya ƙara da cewa shi ya sa wa motocin manya. Jin haka Ɗan'azumi ya ce duk abin da aka yi wa na manya a yi wa tasa.

Da ya dawo na gaya masa abin da na sani, kuma ba shi da yawa. Wanda ya ƙera a-kori-kura da gangan ya ɗaga bayanta, don ya san kaya za su danne shi. In babu kaya ta duƙa, in an yi lodi ta daidaita. Motocin manya ba sa ɗaukar komai sai mutum ɗaya da wayoyinsa, shi ya sa ake iya miƙe su tun babu kaya.

"Malam, ku 'yan boko komai sai ku ce Bature ya fi mu sani," in ji shi. "Shi Baturen ya taɓa bin hanyar garinmu?"

Nan ya kama ni. Bai taɓa ba.

Lodin farko na Inna Saudatu ne. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da gonarsa, kuma bana kankana ta shuka gaba ɗaya. Abincin gidanta na shekara yana cikin kankanar nan. Kankana ba ta jira, dillalan Kano ma ba sa jira. Da sun cika motocinsu kafin azahar, sai wata kasuwar. Ni ma ina da 'yar buƙata a Gwaram, na ce a rage mini hanya.

Sai da aka kawo turmi Inna ta taka sannan ta iya hawa gaba. Aka fara lodi. Ana zubawa baya na sauka, gaba na tashi. Kafin a gama, motar ta zama kamar karen da ke zaune yana jiran a jefo masa ƙashi. Ɗan'azumi ya shiga ya riƙe sitiyari, ya ce ba ya ganin komai sai gajimare. Da ya taka kaɗan, sitiyarin ya yi sakayau, tayoyin baya kuma suka fara gugar bodi suna kuka.

Inna ta ce a rage kaya a yi sawu biyu. Ya ce ba mai, kwana ya kusa yi a layin gidan mai kafin ya samu wanda ke ciki, kuma tayoyin nan sha suke kamar raƙumi. Dabara ta faɗo masa. Ya kira Jafaru mahauci da wani ƙato mai sayar da itace, ya ce su hau bonet su danne. Gaban ya ɗan sauka, amma bai isa ba. Ya dube ni ya ce ai karatu ma nauyi ne. Na hau.

Da muka zauna, sai ya zama ba ya ganin ko gajimaren, sai bayanmu. Mu muka koma idanunsa. Mu hango rami mu yi ihu, shi ya murza. Haka muka yi ta tafiya kamar makaho da 'yan jagora uku, kowa da ra'ayinsa. Masu noma a gefen hanya suka ajiye fartanya suna kallo. Wani tsoho ya tambaya da ƙarfi ko aure aka ɗaura.

A wurin karyayyar kwalbatin nan, wadda aka yi bikin ƙaddamar da gyaranta har da yanka sa, muka gangara lafiya. Fitowa ce ta gagara. Gaba ya yi sama, kaya suka zamo baya, marfin bodi ya ɓalle. Kankana ta yi ta gangarowa cikin ruwa, wata ta fashe, wata ta bi kwari. Bayan motar ya zauna daram a cikin laka. Jafaru ya sauka ba tare da ya yi niyya ba.

Dole muka sauke sauran kayan muka tura. Inna ba ta yi kuka ba. Ta tattare zaninta ta shiga ruwa tana tsamo waɗanda ba su fashe ba. Magana ɗaya ta yi.

"Ɗan nan, da bijimin ka bari, da yanzu amalanke ta kai ni."

Muna cikin haka sai jiniya. Tawagar Uban Alkawari ce za ta gona. Suka ratsa kwalbatin kamar ba ta nan, suka watsa mana rabonmu na laka, babu wanda aka bari a baya. Motar ƙarshe ta tsaya. Wani mai baƙin tabarau ya sauke gilashi. Bai dubi Inna ba. Motar Ɗan'azumi ya duba, wadda a lokacin babu komai a kanta, tana tsaye sambal kamar ta shiga hoto. Ya yaba, ya karɓi lambar wayar Ɗan'azumi. Ya sa aka miƙo masa kankana ɗaya don Oga ya ga albarkar noma. Ya biya da addu'a.

Bayan la'asar muka shiga Gwaram da abin da ya tsira. Motocin Kano sun daɗe da tafiya. Masu yankawa a faranti ne suka rage, kuma sun ga laka a zanin Inna, don haka su suka yanka farashi. Ta karɓa. A hanyar dawowa ta ce alhamdu lillahi, rabin gonar bai nuna ba tukuna, sai kasuwa mai zuwa. Abin da ya rage mata ke nan.

Jiya na je wurin Ɗan'azumi in ce ya bar tayoyin amma ya koma a cire ƙarfen gaban, tun da ya ga aya. Na tarar yana wanke mota da sabulun wanka. Ya ce ai magana ta canja. Mai tabarau ya kira shi, an ɗauke shi cikin tawaga. Za a ɗaura wa motar lasifika, za a riƙa zuba masa mai ba tare da layi ba. Sharaɗi ɗaya aka ba shi: kada ya riƙa ɗora mata kaya yana ɓata mata tsayuwa.

Ban yi masa wa'azi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya gane cewa a nan motar da ba ta ɗaukar komai ta fi mai ɗaukar abinci samu, me zan ce masa?

Na dai tambaye shi sauran kankanar Inna fa, wa zai kai?

Ya ajiye soso ya dube ni da ɓacin rai. Ya ce shi ba butulu ba ne, Inna kamar uwa take a wurinsa. Gonarta a bakin hanya take, kuma ranar kasuwar tawaga za ta bi ta nan. Ya yi alkawari in sun zo wucewa zai yi mata hon.