Ranar da Na Kai Ƙarar Birki Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban alƙali a Ƙauran Namoda ba, na tona wa kaina asiri da bakina, babu wanda ya matsa mini.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ne, ina koyarwa a wata firamare a Zurmi. Bayan shekaru ina fama da keke, Allah ya hore mini na sayi sabon babur a shagon Alhaji Garba da ke Ƙaura. Babur ɗin kuwa ba irin na kowa ba ne, birkin gabansa na faifai ne, wani farin ƙarfe mai huji-huji a jikin taya, sai ƙyalli yake. Alhaji ya haɗa mini da takardar garanti ta wata shida, ya ce duk abin da ya lalace da kansa in dawo a canza mini.

Ba a yi sati uku ba faifan ya fara kuka. Da na matsa birki sai ka ji ƙiiii, har awaki su watse. Ni kuwa a sanina, duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema. Haka nake yi wa sarƙar kekena, haka nake yi wa ƙyauren ɗaki. Sai na samo baƙin mai a gwangwani da gashin kaza, kullum bayan sallar asuba in tsuguna in shafe faifan ciki da waje. Kuka ya ɗauke ɗif. (Har na yi wa hedimasta bayanin dabarar, shi ma ya jinjina mini, don shi ma keke gare shi.)

Daga nan birki ya fara santsi. In matsa, babur ya yi kamar bai ji ba. Ranar kasuwar Zurmi na matse birki iya ƙarfina, babur ya wuce da ni salin-alin ya kifar da ni kan buhunan geron wani dattijo, hulata can, takalmina can. Ban ji ciwo ba, amma raina ya ɓaci. Ko kusa ban kawo maganar mai a zuciyata ba, na dai yanke cewa an sayar mini da faifai mai aibi.

Washegari na lallaɓa har Ƙaura, ina jan ƙafa a ƙasa duk inda zan tsaya. Na tarar Alhaji Garba da mutane a bakin shago, na ɗaga takardar garanti sama.

"Alhaji, wanga ha'inci ne! Yanzu lokacin shari'a muke, an bar cutar talaka!"

Ya ce, "Malam, zamna ka sha ruwa, a kira bakanike shi duba."

Na ce bakanikensa ai bakinsu ɗaya, a gaban alƙali za a duba. Na wuce kotu na shigar da ƙara.

Kwana uku ina shiri. Na buɗe littattafan fiƙihu na haddace babin ciniki, inda aka ce wanda aka sayar wa kaya da ɓoyayyen aibi yana da damar mayarwa. Ran zama na sa babbar riga, na zuba bayani har da Larabci, mutane suna gyaɗa kai. Alhaji Garba dai yana zaune, gefensa wani tsoho mai suna Mamman bakanike, wanda ya kawo a matsayin shaida. Aka turo babur bakin ƙofa. Mamman ya tsuguna, ya shafa faifan da yatsa, ya shinshina, ya dube ni.

Alƙali ya ce, "Malam, kana iya rantsuwa ba ka yi ma birkin ga wani abin da ya ɓata shi ba?"

Nan fa na ga dama ta samu in nuna irin kulawata. Na gyara riga na ɗaga murya.

"Allah shi gafarta Malam, ɓatawa kuma? Duk Zurmi babu mai kula da babur kamata. Tun da faifan ga ya fara kuka, ban taɓa fashin shafa mai baƙin mai ba, kullum da asuba!"

Sai Mamman ya ce a hankali, "Mi kac ce kana shafawa?"

"Baƙin mai," na maimaita, amma muryata ta fara sauka.

"A birki?"

Wani daga baya ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Magatakarda ya kifa kansa kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Shi kansa alƙali sai da ya ja rawani ya rufe baki, ya daɗe yana duban takarda. Mamman ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya: birki da kamu yake aiki, mai kuwa santsi yake sawa, kukan nan ƙura ce kawai da ruwa zai wanke. (Da ƙasa ta tsage a lokacin, da babbar rigar zan shige.)

Alƙali ya kori ƙarar, ya ce tunda a bainar jama'a na kira mutum maha'inci, a bainar jama'a zan nemi gafararsa. Na je gaban Alhaji Garba na durƙusa.

"Alhaji, ka yafe mani, na zalunce ka."

"Ba komi, Malam, Allah shi yafe muna baki ɗai. Kawo babur ɗin shago, kada ka kashe kanka a hanya."

Mamman ya wanke faifan da fetur, ya canza 'yan takalman da ke matse shi, waɗanda suka sha mai suka ƙoshi. Faifan lafiyarsa lau. Na yi shekara tara a kan babur ɗin, Alhaji Garba kuma ya zama aminina, har shi ya yi walicci a auren ɗana.

Tun daga ranar, in na ji zan kai ƙarar wani, sai in fara zaunar da kaina a ɗaki in yi wa kaina tambayoyi tukuna. Yawancin shari'un a nan suke ƙarewa, kuma ni ake kayarwa.