Ranar da Na Je Lacca da Takobin Kwali

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da ranar da na shiga Birmingham da shuɗin gashi ba.

Ni injiniya ne a Manchester, da mata da 'ya'ya biyu, amma ina mutuwar son katun ɗin Japan (a ɓoye, don a wajen mutanenmu duk katun na yara ne). Rannan a ofis ogana Martin ya hango hoton katun ɗin da ke kan wayata. Sai ga dattijon Bature yana rawar jiki! Wai a wurinsu wannan babbar fasaha ce, har a jami'a ake koyar da ita. Ya ce akwai taron masoyan katun a Birmingham ranar Asabar, lallai in zo.

Ni kuwa na sha gani a intanet ana zuwa irin wannan taro da shigar jaruman fim. Na sayo shuɗin gashin roba, na yanka takobin kwali, na yafa jan mayafin matata.

"Baban Amira, da girmanka?" in ji ta, tana riƙe ciki don dariya.

"Ke dai ba ki waye ba," na ce.

Tun daga unguwarmu Withington nake baza kafaɗa. A jirgin ƙasa har wata tsohuwa ta tafa mini.

Na banko ƙofar zauren, na ɗaga takobi, na ƙwala gaisuwar Japananci ɗaya tilo da na iya.

Tsit.

Ashe lacca ce. Furofesoshi masu furfura cikin kwat, wata malama tana bayanin yadda ake zana saukar ruwan sama da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Martin ya sunkuyar da kai (kafaɗunsa sai girgiza suke). Malamar ta gyara tabarau ta ce akwai kujera a gaba. A gaba fa! Na ratsa su takobi na dukan gwiwoyin mutane, ina ta ba da haƙuri.

Ina zama na ji an taɓa ni. "Injiniya, barka da dawowa daga yaƙi."

Yaya Sani ne, wan matata, likita a unguwar Sparkbrook ta nan Birmingham, mutumin da ko ƙafa ba na miƙewa a gabansa. Ashe shi ma ɗan hannu ne! Kafin a tashi, hotona ya isa guruf ɗin dangi, surukata ta kira daga Kano tana tambaya ko a fara yi mini addu'a.

Yanzu ko walimar suna aka gayyace ni, sai na fara tambaya: "Don Allah, wane kaya ake sawa?"