Ranar da Na Ɗora Tulu a Ka

Ko da zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan manta da hutuna na farko a ƙasar Birnin Gwari ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, aka turo ni daga Zariya wata firamare a bakin daji, ta wajen Kakangi. Ina da sabuwar takardar shaidar malanta, da farin wando, da girman kan da ya fi ƙarfin shekaruna.

A makarantar na tarar da wata al'ada. Tun zamanin Turawa, hedimastanmu Malam Yohanna yake tara 'yan mata da samari daga ƙauyuka duk dogon hutu, a yi mako biyu ana koyon rawa, ta gargajiya da sababbi waɗanda malamai ke ƙirƙira. Ranar ƙarshe a yi biki a gindin ɗorawa, kowa ya zo kallo. Iyaye kuwa ba don hedimasta suke sakin 'ya'yansu mata ba. Don Iya Laraba suke yi, wata tsohuwa 'yar Gbagyi wadda ita ce uwar rawa a yankin. In ta ce a zo, a zo. In ta ce a'a, an rufe ke nan.

Shekarar nan an fara gunaguni cewa malamai na lalata rawar iyaye. Hedimasta ya kira ni ofis.

"Malam, ka ce ka koyi rawar zamani a Kaduna, don haka na ba ka 'yan mata. Amma ka bi a hankali. Iya ta ce bana za ta zauna ta duba. In ranta ya ɓaci, baɗi ni da kai za mu yi rawar."

(Gaskiyar magana, kwas ɗin kwana biyar ne, kuma kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ni.)

Na tsara rawar matan da ke dawowa daga rafi, kowace da tulu. Matan Gbagyi kuwa ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Kullum ina ganinsu, ban taɓa tambayar dalili ba. Ni dai a idona bai yi tsari ba. Na ce a ka za a ɗora, wuya ya miƙe, kamar yadda na gani a hoton wata mujalla.

Talatu, jikar Iya Laraba, ita ce ke jan layi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, mu ba ma yi haka."

"Ai shi ya sa ake kiranta rawar zamani," in ji ni, har ina jin daɗin amsar.

Suka bi, don a lokacin ba a musu da malami. Na riƙa kai su bayan aji muna gwaji da tulunan da ba ruwa, na hana su gaya wa kowa, wai ina so in ba mutane mamaki.

Ranar biki filin ya cika. Ga hakimi, ga baƙo daga ofishin ilimi, ga Iya Laraba a kan tabarma a gaba, tsofaffin mata sun kewaye ta. Da safiyar ranar na ƙara wata dabara: na sa aka cika tulunan da ruwa, don abin ya yi kama da gaske.

Makaɗa suka fara. 'Yan matan suka shigo riƙe da tuluna a gabansu. Tsarin shi ne, da kiɗa ya sauya sai su ɗaga su ɗora a ka. Kiɗa ya sauya. Ba wadda ta motsa. Talatu ta kafa wa kakarta ido, kakar ta kafa mata nata. Makaɗa suka sake zagayowa, suka sake, har babbansu ya fara hararata. Na ga hedimasta yana murza hularsa a hannu. Gumi ya jiƙa mini baya. Na yi wa Talatu alama da ido, na yi da hannu, na yi tari. Yarinyar nan hawaye ya taru mata, amma tulu bai wuce ƙirjinta ba.

Da ina da hankali da na tsayar da kiɗan. Sai na shiga fili da kaina, na karɓe tulun daga hannunta, na ce wa sauran su dube ni. Na ɗaga na ɗora a ka, ba ko gammo, ni da tun da aka haife ni ban taɓa ɗebo ruwa ba. Taku ɗaya, taku biyu, na zo wurin juyi. Na juya, tulu bai juya tare da ni ba.

Ruwan ya sauko mini tun daga ka har takalmi, tulun ya fashe a gaban tabarmar Iya, laka ta fantsama mata a zane. Kiɗa ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye farin wando ya manne mini, abin da kawai nake tunani shi ne na kashe wa hedimasta, bawan Allah, aikin da ya yi shekaru yana raino.

Iya Laraba ta kaɗe zanenta a hankali, ta yafito ni. Na durƙusa.

"Ɗana, ka tambayi yaran me ya sa ba sa ɗorawa?"

"Ban tambaya ba, Iya."

"Mu a wurinmu kai shi ke ɗauke da tunanin mutum duka. Wannan nauyin ya ishe shi, ba a ƙara masa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Amma naka na ga akwai wuri."

Nan ne fili ya ɓarke. Hakimi har da share hawaye. Iya ta ɗaga wa Talatu hannu, aka miƙo wa yarinyar wani tulu, 'yan matan suka saɓa tulunansu a kafaɗa, suka yi rawar nan tawa taku bayan taku, ko ɗigo bai zuba ba. Ta fi yadda na tsara kyau nesa ba kusa ba, kuma hakan ya ƙara mini kunya.

Bayan an watse hedimasta ya je ya durƙusa gaban Iya ya tambaye ta maganar baɗi. Ta ce yara za su dawo, da sharaɗi ɗaya: Malam ya bar koyar da rawa tukuna, ya riƙa ɗebo wa masu rawa ruwan sha daga rafi har sai ya iya. A kafaɗa.

Hutu uku na yi ina wannan aiki. Tun daga nan, in na ga mutane na yin abu ba yadda na saba ba, sai na tambaya kafin in buɗe baki da gyara. Makarantar rawar ta daɗe sosai bayan haka, kuma in tsofaffin ɗalibanta na ba da tarihinta sunana yana fitowa, sai dai ba a cikin jerin malamai ba.